Me ya sa masu zanen Turai na ƙarni na 19 suka cika zana mata a lambu da cikin gida?

"Assalamu alaikum Malam. Ina yawan cin karo da tsofaffin zane-zanen Turawa a intanet da jikin kalanda, kuma kusan abu ɗaya nake gani: mace zaune cikin furanni tana karatu ko ɗinki, ko uwa da jaririnta, ko tebur da kayan shayi. An ce yawancinsu na ƙarni na 19 ne. To amma a darasin tarihi an koya mana cewa ƙarnin masana'antu ne da yaƙe-yaƙe da mulkin mallaka. Me ya sa masu zanen suka juya wa duk wannan baya? Haka rayuwarsu take da gaske, ko kwalliya ce kawai aka yi wa gaskiya?"

Wa'alaikumus salam Malama. In na fahimce ki daidai, tambayarki ta rabu biyu: me ya ja ƙwararrun masu zane zuwa abubuwan da ba su taka kara sun karya ba, irin su zaman lambu da shan shayi, sannan ko za a iya gaskata abin da suka nuna. Na shafe shekaru ina koyar da zane da tarihinsa, ni kaina kuma ina taɓa fenti, kuma matsayar da na tsaya a kai ita ce natsuwar da kike gani a waɗannan hotuna ta gaske ce, sai dai ƙera ta aka yi da kuɗi da jirgin ƙasa da gumin masu aiki, kuma masana'antun nan da kike ganin an juya musu baya su ne suka haife ta.

Kafin mu yi nisa, a daidaita kalma ɗaya. In an ce lambu, mu abin da ke faɗo mana shi ne fadama da rani, albasa da tumatir da latas, wurin neman na kai. Lambun da ake nufi a nan fili ne a bayan gida ko gabansa da aka shuka wa furanni da ciyawa don ido da hutawa, ba a samun ko kwabo daga cikinsa, sai ma cin kuɗi da yake yi.

Yadda ƙaramin batu ya samu shiga

Tun a ƙarni na 17 makarantar zane ta masarautar Faransa ta jera nau'o'in zane hawa-hawa. A sama akwai zanen tarihi, wato yaƙe-yaƙe da labaran addini da tatsuniyoyin Girka da Rum, sai hoton manyan mutane, sai al'amuran yau da kullum, sai yanayin ƙasa, a can ƙasa kuma zanen kayan marmari da tukwane a kan tebur. Duk mai neman suna sai ya kai babban aiki na hawan farko zuwa baje kolin hukuma da ake kira Salon a Paris, inda alƙalai ke karɓa ko su mayar. Mutanen Holan ne suka daɗe da kauce wa wannan layi, domin tun wajen 1660 Johannes Vermeer da Pieter de Hooch suna zana mace tana zuba madara ko tana tsaye a tsakar gida, saboda 'yan kasuwa ne ke sayen aikinsu. An kusa mantawa da Vermeer har sai da marubucin nan Bafaranshe, Théophile Thoré, ya sake fito da shi a rubuce-rubucensa na 1866, daidai lokacin da matasan Paris ke laluben wata hanya.

Abin da ya faru a Holan shi ne ya game Turai a ƙarni na 19, wato mai saye ya canza. Likita da lauya da mai masaƙa da ma'aikacin banki ba su da bangon da zai ɗauki zanen yaƙi mai faɗin ɗaki guda, kuma ba mai son ya ci abinci gawa na kallonsa. Suna son abin da zai shiga falo, ya kuma yi kama da rayuwar da suke tinƙaho da ita. A ƙasashen Jamus da Ostiriya an ƙara da wani dalili. Tsakanin 1815 da 1848, zamanin da ake kira Biedermeier, gwamnatoci sun matsa wa jaridu da jami'o'i lamba, musamman bayan dokokin Karlsbad na 1819, sai mutane suka ja jikinsu zuwa cikin gida, masu zane suka bi su. Carl Spitzweg na Munich, wanda asalinsa mai haɗa magunguna ne, ya zana dattijo yana ƙura wa tukunyar shukarsa mai ƙaya ido kamar duk duniya ba abin da ya fi ta, kuma da gani kin san akwai zolaya a ciki.

Jirgin ƙasa da fenti da baƙin furanni

Shi kansa lambun sabon abu ne ga mai matsakaicin hali. A 1830 wani Bature ɗan Ingila, Edwin Budding, ya ƙirƙiro injin aske ciyawa. A cikin shekarun nan ne kuma wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya fito da akwatin gilashi rufaffe wanda ke ba shuka damar yin watanni a jirgin ruwa ba ta mutu ba. Furannin da suka cika waɗannan zane-zane da ja da ruwan ɗorawa yawancinsu baƙi ne a Turai: dahliya asalinta Mekziko, jeraniyom Afirka ta Kudu, kirisantimom Sin da Japan. Fentin ma haka. A da, mai zane a mafitsarar alade yake adana fentin mai, ya huda ya matso, sauran ya bushe. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya yi rajistar 'yar gwangwanin kuza da ake matsawa, irin ta makilin, sai fita waje da fenti ta zama abu mai sauƙi. Masana kimiyya kuma suka samar da sababbin launuka masu ƙarfi, shuɗi da kore da rawaya, a farashin da matashi zai iya saya.

Sai jirgin ƙasa. Layin fasinja na farko daga Paris ya fara aiki a 1837, kuma kafin a jima ƙauyukan bakin kogin Seine sun zama wurin da ma'aikacin ofis ke kama gida mai ɗan fili, ya tafi aiki da safe ya dawo da yamma. A ɗaya daga cikinsu, Argenteuil, wanda bai wuce tafiyar minti 15 daga tashar Saint-Lazare ba, mai zane Claude Monet ya kama haya a ƙarshen 1871, ya zauna har farkon 1878.

Akwai zanensa na wajen 1873 da ke gidan tarihi na Orsay a Paris, wanda ake kira Abincin Rana, kuma na daɗe tsaye a gabansa. Tebur ne zagayayye a inuwa da farin mayafi, an riga an ci an tashi. Ga butar gahawa, ga kofuna, ga kayan marmari, ga laima da jaka an bari a kan benci, ga malafar mace rataye a reshen bishiya. A gefen hagu ɗansa Jean yana zaune a ƙasa yana wasa da 'yan katakai, can baya kuma mata biyu cikin riguna masu haske suna wucewa, ko fuskokinsu ba a gani sosai. Ba abin da ke faruwa. Abin da aka zana shi ne lokacin nan na bayan cin abinci da ba wanda ke gaggawar zuwa ko'ina. Amma ki lura da abu biyu. Wani ne zai zo ya kwashe kwanukan nan, kuma ba ya cikin hoton, alhali Monet yana da masu aikin gida a Argenteuil. Sannan shekara biyu ko uku kacal ke nan da Faransa ta sha kashi a hannun masarautar Prussia ta Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871, aka kuma kashe dubban mutane a titunan Paris a watan Mayun 1871 wajen murƙushe boren da ake kira Commune. Gadojin Argenteuil kansu an rushe su a yaƙin. Aminin Monet, mai zane Frédéric Bazille, a fagen fama ya mutu a Nuwamban 1870 yana da shekara 28. Wanda ya zana teburin nan ya san abin da ke bayan shinge sarai.

Abin da mai riƙe da burushi ya sani

A nan zan yi magana da bakin sana'a, domin akwai dalilan da littafin tarihi ba ya cika kawowa. Duk wanda ya taɓa zaunar da mutum don ya zana shi ya san babbar wahala ita ce hana shi motsi. Bayan minti 20 wuya ya gaji, fuska ta ɗaure, ido ya fara yawo. Amma ki miƙa masa littafi, ko ki ba ta allura da zare, sai kai ya sunkuya wuri ɗaya, hannu ya samu abin yi, fuska ta saki, a manta da ke. Ni da ƙanwata na koyi zanen mutum, kuma ban taɓa samun ta zauna mini ba sai in tana tsintar shinkafa a tire. Saboda haka yawan karatu da ɗinkin da kike gani, wani kaso mai yawa daga cikinsa dabarar aiki ce. Ga kuma batun aljihu: wadda ake ɗaukowa haya don ta zauna a zana ta sai an biya ta, matar gida da 'yar'uwa da 'ya'ya kuwa kyauta ne, kuma kullum suna nan.

Farar riga ma tana da dalilinta. Nakan fitar da ɗalibai ƙarƙashin darbejiya da hantsi, in shimfiɗa farin yadi, in ce su zana inuwar ganyen da ta faɗo a kansa. Kusan kowa baƙin fenti yake fara ɗauka, domin a kansa inuwa baƙa ce. Sai na sa sun ajiye burushi sun zuba ido na ɗan lokaci, sannan wani ya ce, Malam, ashe shuɗi-shuɗi ce, ga kore-kore a gefe. Wannan abin da ɗalibin ya gano shi ne Monet da abokansa suke bi, kuma ba inda ya fi dacewa da gwajinsa kamar farar riga a ƙarƙashin bishiya. Lambu ɗakin gwaji ne a wurinsu, mai shinge, wanda 'yan kallo ba sa damun mutum, kuma ana iya komawa gobe a tarar da komai a inda aka bar shi.

Ki ɗauki zanen Mata a Lambu da Monet ya fara a 1866 a yankin Ville-d'Avray. Tsayinsa ya kai mita 2.5, kuma saboda ya dage sai ya yi shi a waje, rami ya haƙa a ƙasa, yana zura ƙyallen ciki da igiya don hannunsa ya kai sama ba tare da ya canza inda yake tsaye ba. Mata huɗu ne cikin riguna na alfarma, amma aƙalla uku daga cikinsu mace ɗaya ce, Camille Doncieux, wadda ya aura daga baya, ta yi ta canza tsayuwa. A lokacin bashi ya yi masa katutu. Alƙalan Salon suka ƙi karɓar aikin a 1867, sai Bazille ya saya don ya rufa masa asiri, a kan faran 2,500 na kuɗin Faransa, yana biyan 50 duk wata. A 1921 gwamnatin Faransa ta sayi wannan zanen a kan faran 200,000, Monet yana raye. A Ingila kuma John Singer Sargent ya kwashe kaka biyu, ta 1885 da ta 1886, a ƙauyen Broadway yana zana 'yan mata biyu suna kunna fitilun takarda cikin furanni. Hasken almuru yake so, wanda ba ya wuce 'yan mintoci, don haka kullum sai a tsayar da yaran a jira lokacin, ya yi 'yan shafe-shafe, duhu ya shigo. Da sanyi ya kashe furannin sai aka maye gurbinsu da na ƙirar hannu. Mai kallo zai rantse ƙiftawar ido ɗaya aka kama.

Matan da suka zana gidan daga ciki

Ga maza, zanen gida zaɓi ne. Ga matan da ke zane kuwa, kusan shi ne iyakar inda aka bar musu. Babbar makarantar zane ta Paris ba ta fara karɓar mata ba sai a 1897, kuma 'yar gidan mutunci ba ta zama a shagunan gahawa inda masu zane irin su Édouard Manet da Edgar Degas ke haɗuwa suna musu, ba ta kuma yawo a gari ita kaɗai tana zana abin da ta ga dama. Bai kai kulle ba, amma iyaka ce da kowa ya san inda take. Abin da ke gabanta shi ne falo da baranda da lambu.

Berthe Morisot da 'yar'uwarta Edma tare suka koyi zane, tare kuma aka karɓi aikinsu a Salon a 1864. A 1869 Edma ta auri wani hafsan sojan ruwa, ta ajiye burushi. A wata wasiƙa ta gaya wa Berthe cewa sau da yawa zuciyarta tana ɗakin zanensu, tana son ta sulale ko da na kwata ɗin awa ne ta shaƙi iskar da suka rayu a ciki shekara da shekaru. A 1872 Berthe ta zana ta zaune kusa da gadon jaririyarta Blanche. Ƙaramin zane ne, tsayinsa santimita 56. Jaririyar tana barci a bayan wani farin labule shara-shara mai kama da gidan sauro, an yi shi da 'yan shafe-shafen fenti marasa kauri har kina hango fuskar ta ciki. Edma tana sanye da riga mai duhu, hannu ɗaya yana riƙe da gefen labulen, ɗayan kuma yana tallafe da fuskarta. Littattafan Turawa sukan kira wannan hoton tausayin uwa. Amma duk lokacin da na nuna shi a aji, kafin in buɗe baki wata ɗaliba za ta ce, Malam, me ke damunta ta yi tagumi? Mu mun san tagumi, har hana yaro yin sa ake yi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar Edma ba murmushi a cikinta ba kuma hawaye, ido ne kawai a ƙasa, na wadda ke kallon abin da take ƙauna tana kuma tunanin wani abu dabam. A ganina ɗalibaina sun fi littattafan gani. An nuna zanen a baje kolin farko na ƙungiyar Monet da abokansa, waɗanda ake kira Impressionists, a Afrilun 1874, ba a samu mai saye ba, ya zauna a hannun dangi har 1930.

Ita Berthe ba ta daina ba. Ta auri Eugène Manet, ƙanen Édouard Manet, a 1874, ta shiga bakwai daga cikin baje koli takwas na ƙungiyar, wanda ta rasa shi ne na 1879 bayan ta haifi 'yarta Julie. Wajen 1880 ta zana Julie a lambu a cinyar wata mata tana shan nono, kuma matar ba uwar ba ce, mai shayarwa ce da aka ɗauka aiki, kamar yadda masu hali suka saba a Faransa, inda matar ƙauye kan bar nata jaririn ta zo birni ta shayar da na wasu. Masaniyar tarihin zane Linda Nochlin ta ja hankali kan cewa a wannan hoton mata biyu ne ke bakin aiki, ɗaya tana shayarwa don albashi, ɗaya tana zane, kuma aikin ta farko ne ya ba ta biyun sarari. Da Morisot ta rasu a 1895, a takardar shaidar mutuwarta aka rubuta cewa ba ta da sana'a.

Mary Cassatt, Ba'amurkiyar da ta yi zamanta a Faransa, ta shahara da zanen uwa da ɗa alhali ba ta taɓa aure ko haihuwa ba. Zanenta na 1880 na yayarta Lydia tana saƙa a wani lambu a Marly yana kama da hutun bazara, amma Lydia tana fama da ciwon ƙoda a lokacin, ta kuma rasu a 1882. Da kin san wannan, farin fuskarta sai ya canza miki ma'ana.

To, gaskiya ne ko kwalliya?

Gaskiya ne ga wani siririn rukuni na mutane, kuma shi ma a ranakunsa masu kyau. Yawancin mazauna Paris a ƙuntatattun ɗakuna suke, kuma rushe-rushen da Baron Haussmann, mai gudanar da birnin, ya yi tsakanin 1853 da 1870 don shimfiɗa manyan tituna sun tura talakawa da yawa gefen gari. Argenteuil ɗin ma tana da masana'antu, kuma ƙazantar Paris a kogin nan take zuba kafin ruwan ya iso gare ta. Shayi da gahawa da audugar fararen rigunan duk daga ƙetare suke zuwa, wani kaso daga ƙasashen da aka mallake. Har namu yankin yana ciki ta wata kafa: fentin ruwa, irin wanda Carl Larsson na Suwidin ya zana ɗakunan gidansa da shi a shekarun 1890, da ƙaro ake haɗa shi, ƙaron nan da malamai ke sa wa tawada, kuma daga Senegal da Sudan Turai ke samun mafi yawansa.

Sai dai ba adalci a ce masu zanen sun rufe ido. Jean-François Millet ya zana mata masu kala a gona a 1857, Adolph Menzel ya zana ma'aikatar narka ƙarfe a Jamus ya gama a 1875, Degas ya zana mata masu guga har da mai hamma don gajiya. Monet da kansa ya zana masu sauke gawayin kwal daga jirgin ruwa a 1875, ya kuma yi zane 12 na tashar Saint-Lazare cikin hayaƙi a 1877. Akwai tankaɗe na biyu da aka yi bayan mutuwarsu, wato na masu buga kalanda da masu ɗora hotuna a intanet, waɗanda suka san furanni sun fi hayaƙi kasuwa. Abin da ya iso gare ki ya bi ta rariya biyu.

Ya kamata in faɗi iyakar wannan amsa. Na karkata ga Faransa domin ayyukanta ne na fi tsayawa a gabansu, kuma karatun da na yi wa tagumin Edma fahimtata ce, akwai masana da suke ganin natsuwa zalla a wurin, zane kuwa ba shaida ba ne da za a sa shi ya rantse. Sannan fuskar waya tana cin amanar waɗannan ayyuka, domin tana mayar da na mita 2.5 da na santimita 56 girma ɗaya, ta kuma shafe kaurin fenti, alhali a nan ne ake ganin inda hannu ya yi sauri da inda ya koma ya gyara.

Monet ya kai wannan al'amari maƙurarsa a Giverny, inda ya koma a 1883, ya sayi gidan a 1890. A 1893 ya sayi wani fili a ƙetaren layin dogo, ya nemi izinin janyo ruwa daga wani reshen kogin Epte don ya haƙa tafki. Mutanen ƙauyen suka yi ƙorafi, suna tsoron baƙin shuke-shukensa za su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha, amma a ƙarshe ya samu izinin. Ya yi odar bado mai launi-launi daga wani mai renon shuke-shuke a kudancin Faransa, Latour-Marliac, ya ɗauki masu lambu da yawa, kuma daga wannan tafkin ya yi zane kusan 250. Ɗaya daga cikin ma'aikatan aikinsa tafkin ne kawai: da sassafe yakan shiga ƙaramin kwalekwale, ya cire matattun ganye, ya dulmiya ganyen badon cikin ruwa don wanke ƙurar hanya, kafin maigidan ya fito da burushinsa.